Abin da Goggo Ta Gani da Fitilar Ƙwai

Ina aji huɗu na firamare ɗan baffana ya faɗo daga kan kukar da ke bayan gidanmu a Kutawa. Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, aka aike shi ya ɗebo ganyen miya. Reshe ya karye da shi, gefen kansa ya bugi saiwar da ta fito waje. Ya yi shiru na ɗan lokaci, kafin mata su gama salati sai ga shi ya miƙe yana kakkaɓe riga yana dariya. Ya sha fura, har ya bi mu wasan langa. Bayan la'asar ya ce kansa na sarawa. Da magariba ya yi amai sau biyu, aka ɗora wa furar laifi. Bayan isha'i ya kwanta, ya kama wani barci mai nauyi da minsharin da ba mu taɓa jin ya yi ba.

Goggo, yayar iyayenmu maza, ita ce hankalinta bai kwanta ba. Ta ɗauko fitilar ƙwai, ta durƙusa, ta ɗaga fatar idonsa da babban yatsa, ta duba na dama ta duba na hagu, ta sake komawa na daman. Ta ce da baffa, "Malam, zo ka gani. Baƙin wannan idon ya buɗe, na wancan bai buɗe ba." Baffa ya ce, "Yaya, gajiya ce, ki bar shi ya huta." Ta ce, "Wannan ba barcin lafiya ba ne." Aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu, ya kasa haɗiya. Kafin kiran assalatu rai ya yi halinsa. Da yake daga kuka ya faɗo, kuma kowa ya san abin da ake faɗa a kan mazauna kuka, ba a wahala wajen neman dalili ba. Allah Ya jiƙansa.

Sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya a Katsina, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a yanke mana tamu a 1987, sannan na san sunan abin da Goggo ta gani. Malaminmu ya zana ƙoƙon kai a allo, ya ce mu ɗauke shi kamar tukunyar da aka rufe aka liƙe bakinta, ba ta faɗaɗa ko da taku ɗaya. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne, kuma wata jijiyar jini tana bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanki jijiyar, jini zai riƙa taruwa tsakanin ƙashi da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Da farko mutum ba ya jin komai sai ɗan ciwon kai, shi ya sa zai tashi ya yi magana ya ci abinci. Da jinin ya yi yawa sai ya tura ƙwaƙwalwa gefe, ƙasanta ya zame ya danne wata jijiyar saƙo, ta uku a jerin goma sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ita wannan jijiya ce ke umartar ƙwayar ido, wato 'yar baƙar ƙofar nan da ke tsakiyar ido, ta tsuke idan haske ya shiga. Da an danne ta sai ƙofar ta buɗe ta ƙi rufuwa, galibi a ɓangaren da jinin yake. Malam ya ce wani likitan Landan, Jonathan Hutchinson, ya bayyana wannan alama tun a shekarun 1860, har ake kiranta da sunansa.

Ina zaune a benci na ji jikina ya yi sanyi. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi gwajin daidai, da fitilar kananzir, ta kuma karanta sakamakon daidai. Abin da ya rage mata shi ne wanda zai huda ƙashin ya zubar da jinin, kuma a wancan zamani mai irin wannan aiki yana can nesa da mu ƙwarai. Likita na farko ɗan Najeriya da ya ƙware a tiyatar ƙwaƙwalwa, Latunde Odeku, a 1962 ya fara aiki a Ibadan. Daga Kutawa kuwa ko Dutsin-Ma sai an yi shiri ake zuwa.

Kayan aikin da aka sallame mu da su ba su da yawa. Agogon hannu mai sandar daƙiƙa, takardar lura da majiyyaci, da tocila. Wanda ya samu tocila siririya mai kamar biro, ya zama ɗan gata a ɗakin. Sauranmu irin ta kasuwa muke riƙewa, mai cin manyan batura biyu masu kan damisa, wadda maigadi ke yawo da ita. A gefen takardar lura akwai jerin baƙaƙen ɗigo daga ƙarami zuwa babba, milimita 1 zuwa 8, sai ka duba idon majiyyaci ka duba ɗigon, ka ƙiyasta. A cikin haske ƙwayar idon mai lafiya takan kasance milimita 2 zuwa 4, a duhu ta buɗe fiye da haka. Ka shigo da hasken daga gefe, ka ga ko ta tsuke da sauri, ko a hankali, ko ta ƙi. Ka koma ɗaya idon. Ka rubuta, ka sa lokaci.

Tare da wannan aka koya mana ma'aunin Gilasgo, wanda likitoci biyu na birnin Gilasgo a Sikotilan, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana, da motsin jiki. Mai cikakken hayyaci yana da maki 15, wanda ya yi nisa ƙwarai yana da 3. Amfaninsa shi ne ya raba mu da kalmomi irin su "ya ɗan farfaɗo" da "jikin da sauƙi", waɗanda kowa ke fassara su yadda ya ga dama. Idan na miƙa maka aiki da 13, ka dawo ka tarar da 10, ba sai an yi gardama ba.

Wani abin dariya da na lura da shi a shekarun da na yi a asibitocin karkara: ɗauke wutar NEPA, da ke hana mu komai, a nan kaɗai take taimako. A cikin duhu ƙwayar ido tana buɗewa, tsukewarta kuma ta fi fitowa fili. Da rana tsaka a ɗakin da tagoginsa suke buɗe, ƙwayar ta riga ta ƙanƙance, ka haska ka haska ba ka ga wani motsi ba. Ga kuma wata matsala da littattafanmu, waɗanda aka rubuta a ƙasar masu shuɗin ido, ba su cika damuwa da ita ba. Idonmu baƙi ne. Kewayen ƙwayar ruwan ƙasa ne mai duhu, ita kanta baƙa, iyakar da ke tsakaninsu sai ka kusanto sosai ka karkata kai. Sau nawa muka tsaya mu biyu a kan gado ɗaya, ni in ce tana motsi, abokin aikina ya ce ba ta yi, mu kira na uku ya raba gardama shi ma ya kawo tasa.

Akwai wani dare da har yau yake dawo mini. A wani asibiti ne da ba zan ambaci sunansa ba, ni kaɗai a ɗakin maza da gadaje sun fi ashirin. Aka kawo wani magidanci da amalanken shanu ta kife da shi. Yana magana, ya san sunansa, ya san garinsu. Na duba idanunsa da ƙarfe goma, daidai suke. Ya kamata in koma bayan rabin awa, sai aka shigo da wanda maciji ya sara, daga nan wani ya fara aman jini. Ban koma gadonsa ba sai wajen ƙarfe biyu, batirin tocilata kuma ya yi sanyi, haskenta ja kamar garwashi. Na ga kamar idon hagu ya fi girma, na ce wa kaina tocilar ce. Da na aro wata da asuba, babu sauran shakka, amma lokaci ya ƙure. Ba na cewa da na gani da wuri zai rayu, domin motar da za ta ɗauke shi ma babu. Abin da na sani, awa huɗu takardarsa ta yi ba a ɗiga mata biro ba, kuma hannuna ne ya kamata ya ɗiga.

A farkon aikina masu raunin kai ba su da yawa, kuma ka san inda suke fitowa. Wanda ya faɗo daga ɗorawa ko kuka, wanda doki ya kayar ranar hawan salla, ɗan damben da aka kai ƙasa, manomi da makiyayi da suka ɗaga wa juna sanda bayan an yi ɓarna, ginin rijiya da ya rufta. Motocin da ke bin hanyar Katsina zuwa Kurfi zuwa Dutsin-Ma ana iya ƙirga su. Sai babur ya zo. Da can na malamin makaranta ne da ma'aikacin gona, ana goge shi ana lulluɓe shi da tsumma. Daga wajen shekarar 2000 da 'yan kai, da Jincheng ya yi araha, daga baya Bajaj ya biyo, sai ya zama jakin kowa. Yaron da ya sayar da buhunan gero kaɗan ya saya ya fara acaɓa, ya ɗauki mutum uku da akuya. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, gari ya cika, zirga-zirga ta ninka. Ɗakin da a da nake ganin mai fasasshen kai jefi-jefi ya koma ba a rasa shi, musamman ranar kasuwa da ranar ɗaurin aure, lokacin da samari ke wasa da babur a gaban motar amarya.

Ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Masu shekaru za su tuna abin da ya biyo baya: wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙoƙo da ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, har labarin ya zaga duniya ana dariya. Fasinjoji suka ce ba za su sa hular da wani ya cire ba, wasu saboda ƙwarƙwata da makero, wasu saboda tsoron asiri. Dokar ta yi 'yan watanni ta mutu a tsaye. Ni ban yi dariyar ba, domin ni ake kawo wa sakamakon. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna hular kwano tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, na mutuwa kuma da kusan kashi 42. Babu wata na'urar asibiti da na sani da ta kai wannan amfani.

Ita ma tocilar ta canza a hannunmu ba tare da wani ya zauna ya tsara ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ba a jima ba Nokia mai tocila ta zama fitilar kowane malamin asibiti. Haskenta ɗan daidai ne, ba laifi. Da manyan wayoyi suka zo sai aka koma haska ido da fitilar kyamara, mai farin haske mai ƙarfi da ke bazuwa ko'ina, ya shiga ido biyu a lokaci guda, ya sa mai sauran hayyaci ya runtse ya kau da kai. Na sha faɗa da yaran da na horar a kan wannan. Sukan ce, "Baba, ai haske haske ne." In ce a'a, hasken jiya da na yau in ba iri ɗaya ba ne, ta yaya za ka gane ido ne ya canza ko fitila?

Bayan na yi ritaya ne na ga na'urar da aka ƙera domin wannan aiki kaɗai, kuma a waya na gan ta. 'Yar ƙanwata, wadda ta gaje ni a aikin jinya ta tafi Ingila, tana ɗakin masu rai a hannun Allah na wani babban asibiti. Wata rana muna hira ta bidiyo na tambaye ta wace irin tocila suke riƙewa. Ta yi dariya ta ce, "Kawu, bari in nuna maka tocilarmu." Ta ɗago wani abu mai kama da ma'aunin zafin jikin nan da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona, amma da ɗan allo a bayansa. Ta gwada a idon abokiyar aikinta. Ana jingina bakinsa a ƙashin da ke ƙarƙashin ido, a danna. Kyamarar ciki tana gani da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda kuma ba ya sa ƙwayar ido motsi, saboda haka ko a duhu, ko idon baƙi ne wuluk, iyakar ƙwayar tana fitowa sarai. Sai na'urar ta walƙa haske na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, mai ƙarfi iri ɗaya kullum, ta ɗauki hoton abin da ya faru. Cikin 'yan daƙiƙu allo ya nuna girman ƙwayar kafin haske, iyakar tsukewarta, jinkirin da ta yi kafin ta fara, da saurin da ta yi.

Wadda ta nuna mini ta kamfanin NeurOptics ce na Kalifoniya a Amurka. Tana haɗa waɗannan awo ta fitar da lamba ɗaya da suke kira NPi, daga 0 zuwa 5. Daga 3 zuwa sama lafiya, ƙasa da 3 a tashi tsaye, 0 kuwa ƙwayar ta daina amsawa. Faransawa ma suna da tasu mai suna NeuroLight. Asalin dabarar tsohuwa ce: tun a ƙarshen shekarun 1950 wasu masana biyu a Niyok, Otto Lowenstein da Irene Loewenfeld, suka haɗa injin da ke auna motsin ƙwayar ido da irin wannan haske, sai dai nasu babban kaya ne na ɗakin bincike. Shekaru aka ɗauka kafin ya ƙanƙance ya shiga tafin hannu.

Na ce, "'Yar nan, to me ya fi idona da shi?" Ta ce, "Kawu, ba ya gajiya, kuma ba ya gardama." Daga baya na nemi abin da aka rubuta a kai, na tarar tana da gaskiya fiye da yadda na so. A 2016 wasu masu bincike a Dalas ta Amurka, ƙarƙashin wani malamin jinya mai suna DaiWai Olson, suka sa ma'aikata biyu-biyu suna duba ido ɗaya da tocila, sannan a auna da na'ura, sau fiye da 2,300. A cikin idanun da ma'aikata suka ce sun daina motsi, kashi ɗaya cikin uku kacal na'urar ta tabbatar. Sauran suna motsi, ɗan kaɗan ne da ido bai kama ba. Waɗannan fa ƙwararru ne a asibitin da wuta ba ta ɗaukewa. Da na karanta sai na tuna gardamarmu ta mutum uku a kan gado ɗaya, na ji wani sauƙi da wani nauyi a lokaci guda. Sauƙin, ashe ba rashin iyawarmu ba ne kaɗai. Nauyin kuwa, ko mutum nawa muka yanke wa ƙauna alhali da sauran motsi a idonsu?

Babban amfaninta a ganina shi ne tana ajiye tarihi. Idan lamba ta sauko daga 4 zuwa 3 zuwa 2 cikin awa biyu, an ga inda aka dosa tun ƙwayar ba ta buɗe gaba ɗaya ba. Mu da tocila sai abin ya faru muke gani. Wannan ratar ta minti talatin ko awa guda, a wurin mai jini a ka, ita ce komai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1981 a kan masu taruwar jini a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata cikin awa 4 da rauni, kashi 30 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka wuce awa 4 kuwa kashi 90.

To amma kada a ɗauka na'urar boka ce. Ba ta ganin jini, ido kawai take gani. Mai ganin jinin shi ne hoton siti-sikan, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira aka fara ɗaukar majiyyaci da shi a Landan a 1971. Kuma abubuwan da ke buɗe ƙwayar ido ko su tsuke ta suna da yawa a ƙasarmu. Saurayin da ya sha zaƙami idanunsa biyu za su buɗe wangame ko ba a taɓa kansa ba. Wanda ya sha kodin ko makamancinsa, nasa za su koma kamar bakin allura, haka ma wanda maganin feshin gona ko fiya-fiya ya shiga jikinsa. Tsohon da aka yi wa aikin yanar ido, ko wanda aka ɗiga wa maganin buɗe ido a asibiti, ko wanda dutse ya sami idon kansa, duk za su rikita lissafi. Akwai ma masu lafiya garau, kusan mutum ɗaya cikin biyar, da aka halitta da ido ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Duk wannan sai da tambaya ake sani: me ya sha, me ya same shi a da, yaya idonsa yake kafin yau. Amsar tana bakin matarsa ko abokin da ya ɗauko shi, kuma sai wanda ya iya magana da mutane ne zai ciro ta.

Sai kuma tambayar da ta fi damuna. A ce yau an ajiye wannan na'ura a Kurfi ko Dutsin-Ma, ta nuna 2 da ƙarfe sha ɗayan dare. Sai me? Kuɗinta dubban daloli ne, kuma kowane majiyyaci da bakin robarsa da ake sa masa shi kaɗai, wanda shi ma saye ake yi daga waje. A bar maganar kuɗi. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina kusan kilomita 60 ne. An samu ci gaba, ba na musu: tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Katsina ta zama asibitin koyarwa, akwai masu tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, da Shika a Zariya, da cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa a asibitin koyarwa na Sakkwato, wadda ta horar da likitoci da dama na Arewa. A zamanin Goggo babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma tsakanin gadon karkara da teburin tiyata akwai neman mota, da kuɗin mai, da kuɗin hoto, da taron dangi a yanke shawarar ko a sayar da tunkiya, da hanyar da direba zai yarda ya bi da dare.

Wannan na ƙarshen shi ne sabon abu, kuma shi ya fi ciwo. Mu da muka taso ana tafiya Safana ko Batsari da tsakar dare ba abin da ake tsoro sai kura, mun ga zamanin da faɗuwar rana ke rufe hanya. Raunukan ma sun canza, an koma kawo wanda aka buga wa gindin bindiga, da wanda ya faɗi a guje cikin duhu, da wanda harsashi ya goga. A watan Satumban 2021, a ƙoƙarin murƙushe 'yan bindiga, aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma taƙaita hawan babur da dare. Matakin yana da dalilinsa, ban ce ba shi da shi ba. Sai dai a waɗancan watanni duk wanda ya fasa kai bayan magariba a ƙauye, ba waya, ba babur, ya koma daidai inda ɗan baffana yake a daren da ya faɗo daga kuka: mutane zagaye da shi da fitila, ana jiran gari ya waye.

Shi ya sa da na ji wani sabon abu da ya fito daga Sikotilan a 2018, ya fi burge ni fiye da na'urar. Teasdale ɗin nan dai, da tsufansa, tare da Paul Brennan da Gordon Murray, suka ce a haɗa ma'aunin Gilasgo da ido a lamba ɗaya. Ka ɗauki makin majiyyaci, in ido ɗaya ba ya amsa haske ka cire 1, in biyun ne ka cire 2. Shi ke nan. Ba ya cin batir, ba a shigo da shi ta jirgi. Malamin asibiti a Kutawa ko Birchi ko Wurma zai iya kiran likita a Katsina ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗazu yana 12, yanzu 9 ne, idon dama ya tsaya, ya koma 8," likita ya san abin da zai shirya kafin mota ta iso.

Ina son na'urar, kada a fahimce ni a karkace. Wurinta shi ne ɗakunan kulawa ta musamman na Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato, inda aka kwantar da mutum da allurar barci da injin numfashi, ba ya magana ba ya motsi, ido ne kaɗai tagar da ta rage, kuma likitan tiyata yana nan kusa. A can za ta biya kuɗinta, kuma idanunmu baƙaƙe sun fi na Turawa bukatarta. Ana kuma gwada manhajojin da za su mai da kyamarar waya ma'aunin ido, in sun inganta watakila ta nan abin zai iso mana. Mu na nan ƙasa bukatarmu ta fi wannan araha, kuma abin kunya ne a ce har yau ba ta cika ba: tocila siririya mai kyau a aljihun kowane ma'aikaci, batir na ajiya, takardar lura mai jerin ɗigon nan, ma'aikata isassu yadda mutum ɗaya ba zai riƙe gado ashirin da dare ba, motar asibiti da mai a cikinta, da lambar wayar da za a kira a ɗauka.

Goggo ta rasu kafin in gama makaranta, ban samu na gaya mata cewa abin da ta gani yana da suna a littafi ba. Kukar tana nan, yara suna hawanta.

Kai kuma mai karatu, in wani naka ya bugu a ka, ko da ya tashi yana dariya, kada a bar shi shi kaɗai a yinin nan da daren da ya biyo, kuma kada a ba shi maganin sa barci. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko ya fara rikicewa, ko barci na rinjayarsa ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko jini ko wani ruwa garai-garai na fita ta kunne ko hanci, a nufi asibiti a lokacin. Kada a tsaya jiran ido ya buɗe, domin shi daga baya yake zuwa. In kuwa kun haska kun ga ɗaya ya fi ɗaya, ku duba agogo, ku riƙe lokacin, shi za ku fara faɗa wa malamin da ya tarbe ku a ƙofa.